Mai Kiran Jirgi Na Garejin Magama

Salamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Idan kun ga rubutun nan yana tangaɗi ku yi mini uzuri, da hannun hagu nake danna wayar, na daman yana rataye a wuyana cikin bandeji. Haƙorana na gaba kuma suna can cikin yashin garejin Magama. Wanda ya tsinta ya riƙe, na yafe masa duniya da lahira.

Sunana Zunnuraini. Shekaruna sun haura hamsin da ɗan abin da ba na faɗa a gaban mata. A sojan sama na ƙare ƙuruciyata, amma kada ku ɗauka matuƙi ne ni. Ni na ƙasa ne, ƙarƙashin cikin jirgin yaƙi, sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu. Injin jirgi nake kwancewa in ɗaure. Idan kuma jirgi zai fita ko ya dawo, ni ne mutumin nan da kuke gani a talabijin tsaye a gabansa da jajayen sanduna biyu, yana yi masa nuni kamar mai raba faɗan raguna.

Da na ajiye kaki, na ɗauka kamfanonin jirage za su yi layi a ƙofar gidana. Har kwat na ɗinka. Na je Legas, na je Abuja, na je Kano, ko'ina tambayar ɗaya ce: "Baba, ina lasinka na farar hula?" In miƙa takardun soja, su jujjuya su kamar na ba su laya. Wata yarinya mai tabarau ta tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa gyara jirgi mai ban-ɗaki. Na ce a'a, namu matuƙin riƙewa yake yi har ya sauka. Ta yi dariya har da hawaye, ba ta kuma kira ni ba. Aka ce in koma aji in zauna jarrabawa da sa'o'in 'ya'yana, sannan in nemi kamfanin da zai bar ni in yi koyo a jirginsa. Kamfanin kuma ba ya barin marar lasin ya taɓa ko taya. Na zagaya wannan da'irar har takalmina ya huje, na dawo gida Jibiya, kwat ɗin ta zama abin rufe janareto.

Yanzu ina da 'yar rumfa a garejin manyan motoci na Magama, dab da iyaka. Ina gyaran janareto, injin ban-ruwa, famfon tankar mai. Matata ta daɗe da rasuwa, yara sun kama gabansu. Na riga na sallama cewa ni da butar shayina za mu tsufa tare, sai ga Zalika.

Zalika 'yar Maraɗi ce, bazawara, rumfar abincinta tana kallon tawa. Shinkafa da miya, dambu, da kifi mai zafi da take soyawa a wani faffaɗan kasko. Kullum cikin atamfa mai sitaci, ɗaurin ɗankwali ya karkace gefe kamar yana jin tsegumi, yatsu da jan lalle, ƙamshin turaren wuta yana kokawa da na tattasai. Komanda take kira na, ko da yake na gaya mata ko a mafarki ban kai nan ba.

"Komanda, wanga tumbi hwa? Da shi kaka shiga ƙarƙashin jirgin?"

"Bayan na san miyarki ya fito."

"To rage zuwa."

Ta faɗa tana ƙara mini kifi.

Matsalar ita ce yayanta, Hamidu, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai ɗauko wake da dabbobi daga Maraɗi. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ranar da na je masa da maganar aurenta, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam Zunnuraini, ban ƙi ka ba. Amma gyaran janareto ba aiki ne ba, lalura ce. Mijinta na hwarko ya bar ta da wahala. Ka samo aiki mai suna, in ba ka ƙanwata har da kaskon."

Sai Allah ya kawo wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani a bayan gari, suna neman injiniyan da zai kula da manyan injunansu. Na je. A karon farko wani ya karanta takarduna har ƙarshe. Shugaban wurin ya ce yana son tsohon soja, domin ba ya barin sifana cikin inji. Ya ce in jira saƙo. Na fito ina takawa kamar ana buga mini badujala. Na tura wa Zalika: "Ki fara zaɓen launin labule." Ta amso: "Ka hwara ganin saƙon tukuna, tsoho."

To ga inda hali ya ja mini. Ni ba na iya ganin tirela tana ja da baya ana ta ihun "Zo! Zo! Kai, tsaya!" kowa da nasa umarnin. Jinina hawa yake. Sai na yanko bututun ruwa biyu, na shafa musu jan fenti, na riƙa tsayawa inda direba zai gan ni a madubi ina yi masa yadda muke yi wa jirgi. Hannu sama ana kaɗawa, taho. Ɗaya a miƙe ɗaya yana kira, karkata can. A gicciye bisa kai, tsaya. Da farko dariya suka yi, daga baya ba mai ajiye mota sai an ce a kira Komanda.

Wata rana da hantsi ina karkatar da wata tanka, sandata ɗaya tana nuna yamma, wajen daji, sai ga jirgin yaƙi ya tsaga sama ƙasa-ƙasa ta bisa kanmu, ya bi daidai inda nake nunawa. Jim kaɗan muka ji dim, dim, ƙasa ta amsa, kwanukan Zalika suka yi ƙara.

Ɗantala ɗan kamasho, wanda bakinsa ya fi rediyo nisan zango, ya dafe kai. "La ilaha! Wallahi da idona na gani! Komanda ya nuna mashi dajin!"

Na ce, "Kai Ɗantala, tanka nake ajiyewa."

Ya kashe mini ido. "Awo, Komanda. Tanka. Mun gane."

Na rantse, na yi bayani, na ce matuƙin nan ko garejin bai gani ba balle ni. Duk rantsuwar da na ƙara sai su ƙara gyaɗa kai, wai soja ba ya fasa sirri. Kafin mako ya zagayo, an ce ritayar tawa ma ta ƙarya ce, turo ni aka yi.

Zalika ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta turo mini: "Komanda, ka aje sandunan nan. Magana ta kai daji. Wasu baƙin ido sun sayi abinci yau suna tambayar wace rumhwa ce taka." Na amsa da hoton fuska mai dariya. Namiji mai furfura, jama'a, ana gaya masa mutuwa yana tura hoton dariya.

Ran Lahadi 'yan bindigar dajin suka zo, ranar kasuwar Jibiya, bayan azahar, lokacin da hankalin masu tsaro duk yana can cikin gari. Ina tsugune kan wani injin ban-ruwa na ji ƙugin babura da yawa. Ban ɗago ba, nan iyaka ce, babur kamar ƙuda yake. Harbin farko ne ya ɗago ni. Gilashin wata tirela ya tarwatse ya zubo kamar ƙanƙara. Mutane suka watse, wani ya faɗa cikin kwata, wani ya shige ƙarƙashin mota ya bar takalmansa a tsaye.

Goyon bibbiyu suke, fuska a naɗe, bindiga a kafaɗa. Suka zagaye garejin suna harbi sama da ƙasa. Mai gadin bakin ƙofa, dattijo mai gora, ya ɗaga hannu zai yi magana, suka harbe shi a ƙirji ba su ko rage gudu ba. Ya zauna a hankali jikin ƙofar kamar wanda ya gaji. Ɗaya ya fasa tankin wani kamiyo ya cinna masa wuta, buhunan wake suka kama, hayaƙi ya turnuƙe.

"Ina mai kiran jirgi?"

Kowa ya ƙara lafewa inda yake, sai kukan awaki a cikin wata mota.

Suka jawo Ɗantala daga bayan durom. "Ina shi?"

"Wallahi ban san..."

Suka harbe shi a cinya. Ƙarar da ya yi har yau tana cikin kunnena mai ji. Yana birgima yana riƙe da ƙafar, jini yana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ya nuna rumfata. Ban riƙe shi a zuciya ba. Ni ma da cinyata ce, da na nuna kaina tun kafin a tambaya.

Biyu suka finciko ni ta wuyan riga, suka ja ni a ƙasa har tsakiyar fili. Shugabansu ya sauko daga babur. Yaro ne, bai kai ɗana na fari ba, da rigar kaki a kan doguwar riga, gefen wuyansa duk tabon ƙuna sabo. Ya kware naɗin fuskarsa don in gani da kyau.

"Kai ne?"

"Ni bakanike ne, ɗana. Janareto nake..."

Gindin bindiga ya sauka a bakina. Na ji abu ya ɓalle, bakina ya cika da gishiri da tsakuwa. Da na tofar na ga tsakuwar tawa ce. Suka rufe ni da duka, takalmi a haƙarƙari, takalmi a tumbin da Zalika take tsokana. Wani ya ɗauko sandunana daga rumfa ya jefo su gabana.

"Da waɗanga ka kashe mani ƙanena," in ji yaron. Muryarsa ba ta ko rawa. "Ku kawo adda. Hannuwan za mu tahi da su, shi ku bar shi ya gani."

Aka take mini wuyan hannu a kan wani katakon da nake tare taya da shi. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, ga kamfani zai turo saƙo, ga injiniya ba hannu.

Sai na ji muryar Hamidu. Wani daga cikinsu ya shiga rumfar abinci ya kamo Zalika ta hannu yana jan ta wajen babur, ɗankwalinta ya faɗi. Hamidu ya fito daga bayan motarsa da ƙarfen jak, yana ruri kamar sa. Bai kai ba. Harsashi ya same shi a kafaɗa ya juya shi, ya faɗi kan bencin masu cin abinci, bencin ya karye. Wanda ya riƙe Zalika ya waiga yana dariya. Waigawar nan ce kuskurensa. Ta sunkuya da hannu ɗaya, ta kama kunnen kaskon kifin da ke tafasa, da tafin hannunta tsirara, ta watsa masa a fuska.

Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan kukan ba. Ya saki bindiga yana yagar naɗin fuskarsa, fata tana biyo tsumman. Warin man kifi da na nama suka gauraye.

Mai addar ya dakata. Shugaban ya juya, ya ɗaga bindigarsa a hankali ya saita Zalika. Tana tsaye, kai ba ɗankwali, hannunta yana hayaƙi, ko gezau.

Ni kuwa ina kwance rigingine, an sassauta take ni. Wanda ya yi rayuwarsa a filin jirgi, ko mutuwa zai yi sai ya duba sama. Can ƙololuwa, ta gefen hayaƙin, na ga wani ɗan ƙyalli kamar allura yana jan farin zare a bayansa. Jirgin fasinja ne, irin masu ƙetare hamada. Mai ban-ɗaki. A lokacin nan wataƙila ana raba musu shayi da biskit.

Na mirgina na cafi sandunan, na miƙe. Ban san da wane ƙarfi ba. Na buɗe ƙafa kamar yadda aka koya mini, na ɗaga su sama na fara kaɗawa, taho, taho. Na buɗe bakin nan mai jini na riƙa kwarara sunayen sassan inji da Turanci iya ƙarfina, daga famfon mai har murfin baya. Sannan na miƙe sanda ɗaya na nuna baburansu.

Duk suka ɗaga kai. Suka ga zaren. Daidai nan rugugin jirgin ya iso, ƙasa-ƙasa, kamar hadari daga nesa.

"Ya kira shi! Wallahi ya kira shi!"

Wanda ya fara ihun ma Ɗantala ne, daga kwance.

Ban taɓa ganin an hau babur da irin wannan saurin ba. Suka yi karo da juna, ɗaya ya faɗi aka bi ta kansa, suka ɗauke mai ƙonanniyar fuska kamar buhu. Shugaban ne na ƙarshe. Ya kalle ni, ya kalli sama, tabon wuyansa yana motsi. Ya tayar da babur, ya juyo da hannu ɗaya ya saki harbi. Hannuna na dama yana sama, shi ya fi kowa tsayi a garejin. Na ji kamar an maka mini guduma, sandar ta yi tsalle, ni kuma na bi ta.

Jirgin ya wuce abinsa. Duk yawon da na yi ina roƙon jiragen farar hula su ba ni aiki, ranar ce kawai suka ɗauke ni, su ma ba su sani ba.

A asibiti aka jera mu, ni da Hamidu da Ɗantala, kamar an shirya. An yi jana'izar mai gadi muna kwance. Ashe wani da ya ɓuya ƙarƙashin tirela ya ɗauki komai a waya. Kafin a cire mini zare, bidiyon ya zagaye Katsina da Maraɗi, har da waƙa aka ɗora masa.

Saƙon kamfani ya iso ina shan kunu da tsinken roba. Sun yaba da jarumtata. Sun ce sai dai kasancewata a sansaninsu za ta iya jawo hari kan ma'aikata, don haka suna yi mini fatan alheri. Na karanta, na miƙa wa Hamidu.

Ya karanta ya miƙo mini wayar. "Ka ceci ƙanwata, ban musu ba. Amma yanzu kai ɗin nama ne da aka rataye. Duk gidan da ka kwana sai sun zo. Ba ni ba ka ita."

"Hamidu, jirgin fasinja ne."

"Awo," in ji Ɗantala daga gadonsa, yana kashe mini ido. "Na hwasinja."

Da aka sallame ni na koma ɗakina. Katifa, butar shayi, hoton da na ɗauka da kaki lokacin ina da wuya, kwat a kan janareto. Maƙwabta suka riƙa gaishe ni daga nesa. Mai gidan ya aiko a tambaya, cikin girmamawa, ko ina da niyyar tafiya hutu.

Sai ga saƙon Zalika, na murya, don hannunta yana naɗe. Na saurare shi har batir ya yi ja.

"Komanda. Hamidu yayana ne, ba waliyyina ne ba. Kawuna na Maraɗi ne waliyyin, kuma na yi magana da shi. Shina da garejin injin ban-ruwa, ya ce ba ruwanshi da lasin, in ka iya ka iya. Mota tana tashi gobe da hantsi, na kama wuri biyu. Ni da hannu guda, kai da hannu guda, mun isa mu ɗauki tukunya. Ka taho da butar shayinka. Sandunan nan kuwa, in na gan su, da kai da su duka za ku shiga kasko."

Jama'a, tsoho ya yi kuka, ta gurbin haƙori har da fito.

Da safe na sa shaddar nan ruwan toka, na zura hannu ɗaya, ɗayan hannun rigar yana lilo. Na rataya jaka, na ɗauki buta, na buɗe ƙofa.

Dattawa ne zaune a ƙasa a ƙofar gidan, sun kai goma, riguna duk ƙurar hanya. Daga wani ƙauye suke ta wajen Bugaje. Babbansu, tsoho mai ido ɗaya, ya miƙe da ƙyar. A hannunsa akwai abu naɗe cikin tsumma. Ya kware. Sandunana ne da na baro a gareji, ɗaya da hujin harsashi, an wanke su tas.

"Mutanen daji sun aiko muna," ya ce. "Sun ce in gero ya isa yanka za su zo, ko mu ba su 'yan matanmu ko su ƙone garin. Mun kai kuka ko'ina. Ka zo ka zauna muna, Komanda. Ɗaki da abinci, da gona in kana so."

Na ajiye butar. Na ce, "Baba, ku ji tsoron Allah ku saurare ni. Ban taɓa kiran jirgi ba. Ba na iyawa. Ba wanda yake iyawa da bututun ruwa."

Tsohon ya gyaɗa kai. Bai kashe mini ido ba.

"Mun sani, ɗana. Ɗan'uwana ya yi soja, mun san ba haka a kan yi ba." Ya miƙo mini sandunan da hannu biyu. "Su ne ba su sani ba."

Wayata ta fara ruri a aljihu. Na ɗaga da hagu. Ina jin hayaniyar tasha a bayanta, ana kiran Maraɗi, Maraɗi, saura mutum ɗaya.

"Komanda, kana ina? Direba shina ta zagi."

Wani daga cikin dattawan ya yi tari.

"Muryar wa nike ji nan?" in ji ta. "Sandunan ne ko?"

"Zalika, 'yan matansu aka ce..."

Sannan na ji ta, ba da ni take ba: "Kai direba, sauke mani kayana. Har da kaskon. Na ce sauke!"

Ta dawo kaina, muryarta kamar wuƙa.

"Kai kuma tsaya nan inda kake. Kada ka ɗaga hannu ko ƙuda za ka kora, sai na iso."